Na Taɓa Kuɗin Amana, Ƙarya Ta Zame Mini Jiki: Ta Ina Zan Fara Gyara Halina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 27, ina tsaron shagon atamfa da shadda na maigidana a kasuwa, abin da nake samu a wata bai wuce Naira dubu 70 ba. Ni ne kuma ma'ajin ƙungiyar samarin unguwarmu. Mutane suna yi mini kallon mutumin kirki, amma ni na san ba haka nake ba. Na ranci Naira dubu 180 daga kuɗin ƙungiya ba da sanin kowa ba, da niyyar in mayar, yau wata 7 ke nan. Ƙananan ƙarairayi sun zame mini jiki, ina ɗaukar alkawarin da ba na cikawa, kuma ban san inda rayuwata ta dosa ba. Nakan ji wa'azi har in yi hawaye, bayan kwana uku in koma ruwa. Shin hali yana gyaruwa, ko zanen dutse ne kamar yadda ake faɗa? In yana gyaruwa, ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Hali yana gyaruwa. Maganar nan ta "hali zanen dutse" gargaɗi ce ga mai neman aure ko mai neman abokin ciniki, kada ya ɗauki mutum da zaton zai canza masa hali daga baya. Ba a yi ta don a kashe gwiwar wanda ya tashi gyara kansa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya amsa wannan tambaya taka. Ya ce da hali ba ya karɓar canji, da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza, alhali ana horar da doki mai tutsu ya yi laushi, a horar da kare da shaho su kamo farauta su kawo ba su ci ba. A wurinsa hali wani yanayi ne da ya zauna a zuciya, har aiki ya riƙa fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba sai an yi dogon tunani ba. Hanyar samunsa kuwa irin ta mai koyon rubutu ce. Dubi ɗan makarantar allo: da farko da ƙyar yake riƙe alƙalami, tawada ta ɓata masa hannu, baƙi ya karkace. Yana kwaikwayon hannun malami kullum, wata rana sai a ga hannunsa ya faɗa, yana rubutu yana hira. Ƙaryar da ta zame maka jiki ma ta haka ta shigo, da maimaici. Ta haka za ta fita.

Abin da ya sa hawayen wa'azi ba ya wuce kwana uku shi ne zuciya ce ta motsa, amma shirin rayuwarka yana nan yadda ka bar shi. Kuɗin ƙungiya suna cikin asusunka, babu mai duba lissafinka, kashe-kashenka sun fi samunka, bakinka kuma bai iya cewa "a'a" ba. Ka dawo daga masallaci ka tarar da tarkon yana nan a ɗane. Don haka yawancin abin da zan faɗa maka aikin hannu ne, na biro da littafi da ranakun wata.

A 1974 an buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Adamawa kafin ya koma koyarwa, inda ya tattaro siffofi 10 da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kada ka ɗauki goman a lokaci ɗaya, za su kayar da kai. Ɗauki biyun farko. Su ne ake iya ƙirgawa: ko kuɗi sun cika ko ba su cika ba, ko ka zo ƙarfe huɗu ko ba ka zo ba. Su ne kuma Manzon Allah (SAW) ya sa a ma'auni da ya ce alamar munafuki uku ce, in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ha'inta. Duka ukun ka ambace su da bakinka, kuma ganinsu da ka yi a jikinka alheri ne babba.

Mu fara da kuɗin nan, domin muddin suna wuyanka duk wani gyara yaɓe ne a kan ruɓaɓɓen gini. Da farko ka daina kiransa rance. Rance sai da yardar mai kuɗi. Malaman Malikiyya sun yi bayani filla-filla a babin ajiya: wanda aka ba ajiyar kuɗi, in ya ɗiba ba da izini ba alhali yana da abin biya, makaruhi ya yi, in kuwa ba shi da abin biya, haramun ne. Wata 7 ba ka iya mayarwa ba, ka san ɓangaren da ka faɗa. A dokar ƙasa ma sunansa cin amana, yana sashe na 311 da 312 na tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, kuma yana kai mutum gidan yari. Ban kawo wannan don in firgita ka ba. Sunan da mutum ya raɗa wa laifinsa shi ke yanke irin gaggawar da zai yi wajen fita daga cikinsa, kuma "rance" suna ne mai sa barci.

Yau da dare, ba gobe ba, ka ɗauko bayanan asusunka na banki tun ranar da aka ba ka ma'aji, ka haɗa da littafin ƙungiya. Rubuta duk abin da ya shigo da sunan wanda ya biya, duk abin da ya fita da dalilinsa. Kusan kullum adadin da ke kan mutum ya fi wanda yake riƙe da shi a ka, saboda dubu 2 ta mai da dubu 3 ta kati ba sa zama a ƙwaƙwalwa. Abin da lissafi ya nuna shi ne bashinka, ko da ya haura 180.

Sai ka raba kuɗin jama'a da naka, rabuwa ta har abada. Ƙungiya ta buɗe asusu da sunanta, masu sa hannu biyu ko uku, saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar shugaba da sakatare. In hakan zai ɗauki lokaci, ka buɗe wani asusu dabam da ba shi da katin cire kuɗi, ko in yana da shi ka damƙa katin a hannun sakatare. A kowane taron wata ka karanta lissafi a gaban kowa ko ba a tambaye ka ba. Wasu za su ce maka, "Haba, ai mun yarda da kai." Kada ka karɓi wannan karamci. Yardar da babu dubawa a cikinta ita ta kai ka inda kake, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, mutanen da suka fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba.

Biyan kuma ga yadda ake tsara shi. Nemi abin da za ka sayar ka rage babban kaso a tashi ɗaya, domin biyan farko mai nauyi shi ke karya bayan bashi. In wayarka ta dubu 120 ce, sayar ka sayi ta dubu 60, ka zuba 60 ɗin. Saura 120. Raba shi dubu 15 sau 8, kana biya ranar da kuɗi suka shigo hannunka, kafin ka sayi ko da katin waya. Kada kason wata ya haura rubu'in abin da kake samu. Masu zafin tuba sukan ce za su riƙa biyan dubu 40 cikin 70, su yi wata ɗaya, wata na biyu yunwa ta kama su, su koma su ɗibi abin da suka mayar, sai kunya ta biyu ta fi ta farko. Kuskure na biyu da ya fi wannan muni shi ne toshe rami da rami: a ɗibi cinikin shago a cike na ƙungiya, ko a ci bashin manhajojin waya masu kuɗin ruwa, ko a shiga cacar ƙwallo da fatan a ci a biya gaba ɗaya. Wanda ya bi ɗaya daga cikin ukun nan, dubu 180 ɗinsa kan ƙaru sosai kafin shekara ta zagayo.

Za ka tambaya ko dole ne ka faɗa. Sharuɗɗan tuba su ne nadama, da dainawa, da ƙudurin ƙin komawa, sannan in akwai haƙƙin wani a mayar masa. Malamai da yawa sun ce in haƙƙin ya koma ga mai shi ta kowace hanya an sauke nauyi, ba sai an tona wa kai asiri a bainar jama'a ba. Da za ka iya cike kuɗin a mako ɗaya, da sai in ce cike ka yi shiru ka roƙi Allah gafara. Amma kai wata 8 kake buƙata, kuma cikin wata 8 ɗin nan wani zai iya rasuwa a unguwa ko a kwantar da ɗan ƙungiya a asibiti a ce ma'aji ya kawo kuɗi. Ranar za ka ƙirƙiro sabuwar ƙarya. Shawarata ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon sirri cikin shugabanni, ka same shi shi kaɗai, da takardar lissafi a hannu da kason farko a aljihu. Maganar gajera ce: "Na taɓa kuɗin ƙungiya, kaza ne. Ga kaza na kawo yau, ga yadda zan biya sauran, ina so ka riƙe takardar nan ka riƙa sa hannu duk wata." Kada ka haɗa da dogon labarin rashin lafiyar wane ko matsin gida. Uzuri yana rage nauyin magana, kuma nauyin nan shi kake buƙata.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, ita ce ina dubu 180 ɗin suka tafi. In ba ka gano ɓular ba, tulun zai sake tsiyayewa. Kwana 30 ka rubuta duk Nairar da ta fita daga hannunka, har ta ruwan leda. Yawanci ɓular ba a abinci take ba. Tana wajen ankon biki, da gudummawar da aka yi don kada a ce, da hidimar zance, da data, da canza waya, da "bari in biya mana" a majalisa. Wato mutum yana sayen sunan mai karamci da kuɗin da ba nasa ba. Karamcin da aka yi da kayan amana ba karamci ba ne, kuma wanda ka yi wa ba zai zo ya tsaya maka ranar lissafi ba.

Wannan ya kawo mu kan alkawari, kuma nan nake so ka tsaya da kyau, domin ciwon da yawa daga cikinmu ne. Yawancin saɓa alkawari a wurinmu ba daga mugunta yake tasowa ba, daga kunya da kara yake tasowa. An tarbiyyantar da mu a kan cewa "a'a" a gaban babba ko aboki rashin ladabi ne. Sai mutum ya ce "to", ya ce "ba damuwa", ya ce "in sha Allahu", alhali tun yana faɗa ya san ba zai yi ba. Ya guje wa kunyar minti ɗaya ya sayo ta wata guda: kashe waya, canza hanya, "ban ga kiranka ba". Har kalmar in sha Allahu, wadda Suratul Kahfi ta koyar don mai niyyar aikatawa ya jingina ga Ubangijinsa, mun mai da ita ƙofar gudu, ta yadda in aka ce wa mutum in sha Allahu sai ya ce, "A'a, ni dai faɗa mini gaskiya." Wannan abin baƙin ciki ne.

Maganinsa a baki yake, kuma sai an haddace shi kamar karatu, domin in ba ka tanadi kalmomin ba, tsohuwar "to" ce za ta riga fita. Tanadi jimloli uku. Ta farko: "Bari in duba, zan ba ka amsa gobe bayan La'asar." Wannan tana raba ka da idon mai roƙo, ka yi lissafi kai kaɗai, amma dole goben ka kira ko da amsar a'a ce. Ta biyu: "Gaskiya ba zan iya ba, kada in sa ka jira." Ta uku: "Dubu 10 ba zan iya ba, amma ga dubu 2, kyauta ce ba bashi ba." Duk alkawarin da ka ɗauka kuma ka sa masa rana da lokaci, ka rubuta a take. Alkawarin da ba shi da rana ba a cika shi, ba a kuma san ranar da aka saɓa shi ba. In ka ga ba za ka iya cikawa ba, sanar da mai shi kafin lokacin ya yi. Wanda ya kira ƙarfe biyu ya ce ba zai samu zuwa ƙarfe huɗu ba, ya nemi afuwa ya sa wata rana, mutuncinsa yana nan. Wanda aka kira ƙarfe biyar ya ce "ga ni nan a hanya" alhali yana kan katifa, ya yi saɓawa ya ɗora ƙarya a kai. A watan farko ka rage yawan alkawuranka da gangan, kada su wuce uku a rana, ka cika su cif. Gara a ce wane ba ya saurin amsawa da a ce maganar wane ba a ɗora tukunya a kanta.

Ƙaryar kasuwa kuma tana da wuraren zamanta sanannu. Akwai ta farashin saye: "Wallahi ban sayo haka ba." Akwai ta asalin kaya, a ce wa ƙaramar shadda babba, ko a ce ba ta zuba. Akwai ɓoye aibi, a naɗe turmi ta yadda tabon ruwa zai shige ciki. Akwai kuma wadda ke tsakaninka da maigida, ya ce a sayar 25 ka sayar 27 ka rubuta 25. Hadisi ya ce rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka, kuma Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Abin da 'yan kasuwa da yawa ba su lura da shi ba shi ne ba a wajabta maka faɗin nawa ka sayo ba. "Albarka" ta ishe ka, ko "a haka ba zai bari ba, ƙarshensa kaza". Shiru halal ne a nan, ƙirƙirar adadi ne haram. Aibi kuwa dole a faɗa: buɗe turmin ka nuna tabon, ka rage kuɗi. Abin da kake ɗorawa a kan farashin maigida, je ka same shi ku yi magana a fili, ko ya yanka maka la'ada a kan kowane turmi ko ya ce abin da ya haura naka ne. Iyayen gida da yawa sukan yarda in an tambaye su. Kuɗin ɗaya ne, amma da izini halal ne, ba izini ha'inci ne.

In ƙarya ta kuɓuce maka, kuma za ta kuɓuce, gyara ta a wurin kafin numfashi na biyu: "A'a, ba haka ba ne, yanzu zan fito daga gida." Akwai ɗaci, kuma ɗacin ne maganin. Bakin da ya san za a tilasta masa janye ƙarya a gaban mutane, bayan sau biyar ko shida da kansa yake fara taka burki.

Gazali ya tsara wa mai gyaran kai matakai irin na ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: sharaɗi da safe, sa ido da rana, lissafi da dare, sannan horo in an yi asara. Ka yi amfani da wannan yadda yake. Bayan sallar Asuba, minti biyu, faɗa wa kanka sharaɗin yau a fayyace: yau ba rantsuwa a ciniki, yau zan kira wane ƙarfe kaza. Bayan Isha'i, minti biyar, buɗe ƙaramin littafi ka amsa tambaya uku da alƙaluma: ƙarya nawa, alkawari nawa na ɗauka nawa na cika, kuɗin wani nawa ya kwana a hannuna. Ban da dogon sharhi, ban da zagin kai. Horon kuma ya zama ƙarami mai ciwo, kamar sadakar Naira 200 a kan kowace ƙarya. A makon farko adadin zai ba ka tsoro, har ka ga kamar ƙaruwa kake yi. Ba ƙaruwa ba ce, da can ba ka ƙirgawa ne.

Kada ka sa ran abin zai zauna cikin mako uku. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan, da mutum 96, ya nuna sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Sun kuma ga tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Abin da ke rushewa shi ne mutum ya faɗi sau ɗaya ya ce shi ke nan, ni dama ba na gyaruwa, ya jefar da littafin. Aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, haka Nana A'isha ta ruwaito.

Zancen abokai ba sai na tsawaita ba, zama da maɗaukin kanwa ka san abin da yake kawowa. Majalisar da ake tafa wa wanda ya yi wa wani wayo, rage zama a cikinta. Ka samu mutum ɗaya da ya girme ka wanda kake jin nauyinsa, ka riƙa nuna masa littafin nan duk Juma'a.

Ka kuma shirya wa asara, domin gaskiya takan karɓi kuɗinta a gaba. Ka'abu ɗan Malik bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira, kuma ba shi da uzuri. Da Annabi (SAW) ya dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suka yi ta rantse-rantse, aka karɓi zahirinsu suka tafi gida lafiya. Ka'abu mutum ne mai fasahar magana, da ya so da ya tsara uzurin da zai wuce. Ya ce ba ni da wani uzuri. Aka hana kowa yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har dare 50. Yana zagaya kasuwa babu mai amsa masa sallama, har ɗan baffansa da ya fi so. Ana cikin haka sarkin Gassan ya aiko masa da takarda ya ce zo mu ɗaukaka ka, ya jefa ta a tanda. Sai ayar karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba, kuma ayar da ke biye da ita ita ce mai cewa ku kasance tare da masu gaskiya. Kai ma mai yiwuwa wani mai saye ya tafi shagon maƙwabci saboda ka nuna masa tabo, mai yiwuwa a karɓe ma'aji daga hannunka. In ka sa wannan a lissafi tun yanzu, ba zai razana ka ba in ya zo.

Saura maganar inda rayuwa ta dosa. Matasa da yawa suna jiran manufa ta faɗo musu kamar wahayi, suna zaune. Ni a ganina ba a nemo ta a nesa. Hadisin Tirmizi ya ce za a tambayi bawa rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, iliminsa me ya yi da shi, dukiyarsa ina ya samo ina ya kashe, jikinsa a me ya tsufar da shi. Juya tambayoyin nan su fuskanci gaba, ka samu abin da kake nema. Su wa ke da haƙƙi a kanka yau? Wace sana'a ce a hannunka, kuma me ya rage ka gwanance a cikinta? Wace ɓaraka ce a gidanku ko unguwarku da kai za ka iya toshewa? Amsar ka matse ta cikin layi biyu masu adadi da rana, misali: nan da shekara 3 in mallaki teburina da jarina na halal, in riƙe kuɗin makarantar ƙanwata har ta gama, in sauke Alƙur'ani da gyara. "Ina so in zama babban mutum" buri ne, ba ya gaya maka abin da za ka yi ranar Talata.

Sannan ka nemo wa manufar lokaci da kuɗi. Mako awa 168 ne. Cire 54 na shago, cire 49 na barci, cire kamar 25 na salla da abinci da hanya, saura 40. Duba wayarka, tana nuna awa nawa kake yi a kanta kullum, za ka ga inda 40 ɗin ke tafiya. Ƙwato 7 kawai, awa ɗaya a rana, a lokaci tsayayye kamar tsakanin Magariba da Isha'i, ka ba karatu ko koyon lissafin kasuwanci. Kuɗi kuma, ranar da ka gama biyan ƙungiya kada ka saki dubu 15 ɗin nan ta koma cikin cefane, tunda ka riga ka saba rayuwa ba ita. Ci gaba da ware ta, cikin wata 24 ta zama dubu 360.

Amma jarinka na gaske ba wannan ba ne, kuma tarihin kasuwancin Hausawa shaida ne. Abner Cohen, wanda ya zauna ya nazarci unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake kawo shanu daga Arewa a sayar wa mahauta bashi, a tura goro Arewa, dukiya mai yawa tana yawo tsakanin mutanen da ke nesa da juna da ɗaruruwan mil, ba banki a tsakani. Maigida ne ke tsayawa: shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya lamunci mai saye, in mai saye ya gudu ya biya daga aljihunsa don kada sunansa ya ɓaci. Wanda sunansa ya ɓaci sau ɗaya, fatake sun daina sauka gidansa. Har gobe haka kasuwa take. Dila ba ya ba yaro kaya bashi don yawan sallarsa a sahun gaba, yana ba wanda aka gwada da kaɗan aka ga ya dawo da shi ranar da ya ce. Maigidanka ma yana kallo, kuma irin sallamar da zai yi maka tana rataye da abin da yake gani a littafin ciniki. Saboda haka daga gobe, ka riƙa rufe lissafin shago kullum kafin ka ja ƙofa: kuɗin hannu, na tiransifa, kayan da suka fita, bashin da aka ɗauka da sunan mai shi. In an samu giɓin ko da Naira 500 ne, kai za ka fara faɗa masa kafin ya gano.

In ka je wurin shugaban naku ya ce dole sai an sanar da sauran 'yan kwamiti, kada ka yi gardama, haƙƙinsu ne, kuɗinsu ne. In suka ce ka sauka daga ma'aji, miƙa littafi da katin banki a zaman, ka nemi a rubuta abin da ka miƙa da abin da ya rage a kanka, mutum biyu su sa hannu, ka riƙe kwafi. Kada ka daina zuwa taro saboda kunya, domin ɓacewarka za a fassara ta da gudu. Ka zo kowane wata da dubu 15 ɗinka, ka karɓi rasit, ka zauna inda kowa ke zama har a tashi. Allah ya sauke maka wannan nauyi, ya sa ka gama da iyaye lafiya.